Daga Fiton Gaya zuwa Salga: dare guda a kan hanyar fatake

Ran da aka buɗe akwatin ƙarfen kakana bayan sadakar arba'in, ba a tarar da dukiya ba. Tsohuwar riga ce, da tasbaha, da wani hoto da ya koɗe, wanda aka ɗauke shi a Kumashi yana tsaye da kwando a ka. Duk ƙauyenmu, can cikin duwatsun Adar, an san ya yi shekara goma sha ɗaya a Gana, an kuma san ya dawo a ƙarshen 1969 da tabarma da buta kawai. Amma shi bai taɓa ba da labarin hanya ba. In an matsa masa sai ya ce: "Hanya ba a faɗinta, bin ta a kai."

Ni ɗalibin tarihi ne a jami'ar Yamai. Da lokacin zaɓen batun memuwar ya zo, sai na zaɓi fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Na yi wata ukku ina kwafar littattafai cikin wani babban kaye, har na fara ji kamar ni ne madugu. A bakans na 2024, cikin watan Agusta, na ɗaure jakata a baya, na sa hoton kakana a aljihu, na ce bari in je in ga Salga da idona, tunda zuwa da kai ya fi aike. Abin da ke biye labarin dare guda ne na wannan tafiya, da tarihin da na tarar kwance a ƙarƙashin kwaltar.

Fito

Daga Yamai zuwa Gaya, ta Doso, wajen kilomita 300 ne, kuma da rana muka yi su ba wata matsala. A Gaya motar ta tsaya, aparanti ya ce kowa ya sauko da kayansa, nan ne iyakarta. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, wadda aka gina tun ƙarshen shekarun 1950, tana rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ga gada tsaye lafiya lau, ga mu a gindinta muna cinikin kwalekwale.

Kogin ya cika, ruwan ja wur saboda damina. Aka loda mu da buhunan albasa da babur guda da wata tsohuwa mai kaji, har bakin jirgin ya kusa shafar ruwa. Ni da ban iya iyo ba, sai na riƙe jakata kamar ita ce za ta cece ni. Wata mata ƴar kasuwa, wadda kowa ke kira Hajiya, ta dube ni ta yi dariya.

"Ɗan lakwal, wannan ne fitonka na farko?"

Kalmar ta buge ni. Fito. Na rubuta ta sau da yawa cikin kayena: kuɗin da fatake ke biya a ƙetare da su kogi, har ta zama sunan kuɗin wucewa gaba ɗaya. Ashe kalmar ba ta tsufa ba, gada ce kawai ta ɓoye ta shekara sittin da wani abu.

Hanyar da ta riga kwalta

Goro ba ya tsiro a ƙasarmu, amma babu aure ko suna ko gaisuwar sarki sai da shi. A kurmin Ashanti yake fitowa. Tarihin Kano ya ambaci cewa a ƙarni na 15, zamanin Sarki Abdullahi Burja, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. A ƙarni na 19 kuwa, bayan kafuwar daular Sakkwato, cinikin ya bunƙasa ƙwarai, garin Salga ya zama babbar mahaɗa: Ashantawa su kawo goro daga kudu, fatake su kawo kanwa da tufafi da fatu da dabbobi daga arewa maso gabas.

Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, ya bi Jugu, da Sansanin Mango, da Yandi, sannan Salga. Ku lura da sunan Sansanin Mango, wanda ke arewacin Togo a yau: kalmar sansani ce tamu ta Hausa. Tafiya da dawowa kan cinye watanni da yawa, wani lokaci kusan shekara. Wani Bature ɗan yawon bincike, Kilafaton, ya gamu da irin wannan ayari a Kayama cikin Bargu a 1826, yana dawowa daga Gwanja. Ya rubuta cewa mutanen sun haura dubu, maza da mata, da dabbobin kaya kamar yawansu. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan ayarin goro, ya nuna cewa Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi riƙe wannan sana'a.

Ayari gari ne mai tafiya. Madugu shi ne shugaba, shi ke ciniki da sarakunan hanya kan kuɗin wucewa, shi ke yanke inda za a yi zango. Jagaba yana gaba yana duba hanya. Akwai malami mai addu'a da rubuta wasiƙu. Goro kuwa kamar jariri yake: ana naɗe shi cikin ganye a huhu, a riƙa buɗewa ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya lalace, in ba haka ba guda ɗaya ya ɓata sauran. Duk wannan na san shi a takarda kafin in hau motar Malanbil.

Shinge

Mun tashi daf da magariba. Biyena ya ce kujera ta 47, amma da na isa sai na tarar da wani dattijo a kai, shi ma biyensa 47. Aka ƙare da ba ni wani ɗan benci a tsakiyar hanya, gwiwata na dukan buhun wani, bayana ba majingina. Shofer ya buɗe kilim har ƙarshe. Mu da muka jiƙe a kwalekwale sai haƙora suka fara kaɗawa. A gaba talabijin na ta ihu da wani fim da ba wanda ya roƙa. Da ruwan sama ya sauko, sai rufin ya fara ɗiga daidai wuyana, ɗis, ɗis, kamar da gangan.

Kusa da ni akwai wani yaro ɗan wajen Illela, bai fi shekara goma sha bakwai ba. Kwatano za shi, wurin wansa mai sayar da shayi. Uwarsa ta sayar da akuya ta haɗa masa kuɗin mota, abin da ya rage a lalitarsa jika goma sha biyu ne. Bai taɓa wuce Konni ba.

Bayan Kandi muka iso shinge na farko mai tsanani. Fitila ta haska cikin motar, aka ce kowa ya miƙo kartidantite da karnen allura. Ba na musun cewa arewacin ƙasar na fama da matsalar tsaro, bincike dole ne. Amma abin da na gani ya wuce bincike. Aka tara takardun, aka shiga da su wata rumfa, aka riƙa kiran suna ɗaya ɗaya. Mai takarda cikakkiya ya aje ɗan abu ya karɓi tasa. Marar takarda, ciniki. Yaron Illela ba shi da komi sai wata takardar haihuwa da ta yage a ninki. Aka ce jika biyar ko ya kwana nan.

Ya tsaya yana rawar jiki, ya fara kwance lalita. Sai Hajiya ta sauko, ta gyara mayafi, ta riƙe hannunsa.

"Mayar da kuɗinka, ɗana. Kai ba ka magana, ni ka yi."

Ta shiga rumfar. Ban ji duk abin da ta faɗa ba, na dai ji tana haɗa Dandanci da Faransanci da dariya, tana kiran mutumin da ɗanta. Bayan minti goma ta fito da yaron, an tsaya a jika biyu. Da muka koma mota ta cire kallabi ta zagaya da shi: wannan dala ashirin, wannan dala hamsin, har kuɗin suka cika. Ta ce da yaron: "Akwai wasu gaba. In an tsaya, ka tsaya bayana."

Na zauna a bencina ina tunani. Na yi wata ukku ina neman madugu cikin littattafai, ga shi nan da mayafi da ledar goro a hannu. Aikin bai sake ba: sanin harshen masu hanya, sanin farashin da ba a rubuta ba, da hana a cinye raunanan cikin ayari. Bambancin guda ne. Madugun da, sarakuna sun san shi, fatake sun naɗa shi, yana da rabonsa. Hajiya ba wanda ya naɗa ta, ba wanda zai biya ta.

Fan a Ndali

Wajen ƙarfe ɗaya na dare, muna daf da Ndali, sai muka ji wani ƙara a ƙarƙashin motar, ta yi tari sau biyu ta mutu. Kilim ya tsaya, talabijin ya yi shiru, wannan kam mun gode Allah. Shofer ya leƙa ƙasa da fitilar salula, ya fito ya ce wani bel ne ya tsinke, sai an je Paraku, wajen kilomita 60. Aparanti ya tare wani mai babur ya tafi. Mu kuwa aka bar mu da sauro da kukan kwaɗi.

Tsoro ya fara shiga. Wani ya ce a nan ne aka tare wata mota bara, wani ya ce ƙarya ne. Wata mai jego na kuka a hankali don jaririnta ya yi zafi. Maza suka yanko rassa suka jera a kwalta don manyan motoci su gan mu. Dattijon da ya gaje mini kujera ya shimfiɗa buzu ya ce a kama salati. Hajiya ta sa aka tara mata da yara a gefen motar da ba ya kallon daji, ta fito da paracetamol da ruwa ta ba mai jego, ta ce samari huɗu su zauna a farke. Ina cikinsu. Mutanen da tun magariba ba wanda ya gaida wani, yanzu ana raba biredi da ƙuli-ƙuli.

Ina zaune a bakin kwalta sai na tuna taswirar da ke cikin kayena. A Ndali hanya ta rabu: gabas ta tafi Nikki, yamma ta tafi Jugu. Wato daidai inda motarmu ta mutu, nan tsohuwar hanyar fatake ta gitta sabuwa. Su suna tafiya daga gabas zuwa yamma, mu muna gangarawa daga arewa zuwa teku. A wannan ƙasa ta Bargu ne fatake suka fi jin tsoro, don wasu ƴaƴan sarauta kan tare ayarin da bai biya ba, su kuwa a ganinsu haƙƙin ƙasarsu suke karɓa.

Na je in ɗauko kayen in duba. Da aka buɗe wurin kaya na ƙasa, wani wari ya tarbe ni. Wata jarka ta ruwan kifi ta fashe a kan jakata. Tufafina, da gari da sukarin da innata ta ƙulla mini, da kayen nan na wata ukku, duk sun sha. Tawada ta narke, shafuka sun manne. Na zauna a ƙasa, wallahi saura kaɗan in yi kuka. Dattijon ya leƙo ya ce: "Malam ƙarami, abin da ke cikin takardar, in ka san shi bai ɓace ba. In ba ka san shi ba, dama ba naka ba ne." Ban ji daɗin maganar a lokacin ba.

Yadda hanya ta juya

Me ya juya hanyar daga gabas da yamma zuwa arewa da kudu? Abubuwa ne suka biyo juna. A 1874 sojan Ingila suka ƙone Kumashi, ƙarfin Ashanti a kan arewa ya karye, cinikin goro a Salga ya fara rauni. A 1892 yaƙin basasa kan sarauta ya tarwatsa garin, fatake suka watse zuwa Karachi da Kintampo da Yeji da Kumashi da Ankara. Cikin waɗanda suka bar Salga har da shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Karachi har rasuwarsa a 1934. A 1898 Faransa da Ingila suka raba Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa hannun Ingila. Hanya guda ta zama ta ƙasashe da yawa, kowace da duwan ɗinta.

Sai jirgin ƙasa ya ƙarasa aikin. Dogo ya isa Kumashi a 1903, ya isa Kano a 1911. Goro ya koma bin teku zuwa Legas, daga nan ya hau jirgi, abin da jaki ke yi a watanni ya zama na kwanaki. A ɓangarenmu, dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, bai ƙaraso kogi ba. Shi ya sa har yau kaya da mutane ke hawan mota a wannan tsakanin. Bature bai shimfiɗa hanya don Katsina ta gaisa da Gwanja ba, ya shimfiɗa ta don gyaɗa da auduga su isa bakin ruwa.

Da fatauci ya mutu, tafiya ba ta mutu ba, matafiyan ne suka sake. Lanho da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946, suka kori samarinmu zuwa Gwalkwas neman kuɗin Ingilishi. Jean Rouch ya bi irinsu da kamara a tsakiyar shekarun 1950, fim ɗinsa Jaguar labarin samari ukku ne daga Nijar da suka gangara can. Jikokin masu jakuna suka zama ƴan dako. Har yau a Gana ana kiran masu ɗaukar kaya a kasuwa da sunan da ya fito daga kalmarmu ta kaya. Kwandon da ke kan kakana a hoton nan, shi ke nan.

A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice. Dubban mutane suka cika manyan motoci, wasu sun bar shaguna da gidaje, wasu an haife su can ba su san wata ƙasa ba. Kakana na ciki. A 1979 ƙasashen CEDEAO suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirga ba biza. Shekara huɗu bayan haka, a 1983, Najeriya ta kori baƙi, akasarinsu ƴan Gana, har jakar nan mai zane ta samu suna. A Janairun 2025 kuma ficewar ƙasarmu daga CEDEAO ta tabbata. Ba ina yanke hukunci kan siyasar kowa ba ne. Abin da nake nunawa shi ne, a wannan yanki ana buɗe hanya a rufe ta sama da kan matafiyi, kuma wanda ya fi shan wuya kullum shi ne mai jika goma sha biyu a lalita.

Salga

Aparanti ya dawo bayan asuba. Mun shiga Kwatano da la'asar, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. A tasha wan yaron Illela na jiransa tun safe, ya durƙusa har ƙasa ya gode wa Hajiya. Ita ko ta tare zemijan ta nufi Dantokpa, ko sunana ba ta tambaya ba.

Sauran tafiyar ba zan ja ta ba: Lome, iyakar Aflawo, Ankara, Kumashi, Yeji, sannan wani fiton a kan tafkin Volta, wanda dam ɗin Akosombo ya tara a shekarun 1960. A kowane gari na sauka a unguwar da ake kira Zongo, na ci wake da shinkafa da koko da ƙosai da sunayensu na Hausa, na yi ciniki da harshen uwata. A Kumashi na nuna hoton kakana ga tsofaffin kasuwa. Ba wanda ya gane shi, amma wani ya dubi bangon da ke bayansa ya ce ya san layin, an rushe shi tuni.

Salga ƙaramin gari ne yanzu, mai ƙura da shiru. Aka kai ni na ga tsofaffin rijiyoyinta, aka kuma nuna mini filin da aka riƙa sayar da bayi. A nan ne burgar da nake yi da ayari ta faɗi. Cikin kayan da ake kaiwa kasuwar nan har da mutane, kuma da yawa daga masu ɗaukar huhun goro a ka ba da son ransu suke tafe ba. Ni na yi dare guda a benci ina ƙorafin ɗigar ruwa, da biyen dawowa a aljihu. Duk wanda zai yi alfahari da madugu, to ya tuna da wanda ke bayan ayari da igiya a wuya. Su ma kakanninmu ne, ko ta wajen mai saye ko ta wajen wanda aka saya.

Ƴan uwana ɗalibai, da yawanmu za su bi wannan hanya, wasu don karatu, wasu don biɗa. Ku yi kartidantite da karnen allura kafin ku tashi, ku raba kuɗinku gida biyu, ku riƙe rigar sanyi ko da zafi ake, kuma abin da ba ku son ya jiƙe kada ya shiga wurin kaya na ƙasa. In kun ga yaro na rawar jiki a bakin rumfa, ku sauko. Sannan in akwai tsoho a gidanku da ya taɓa zuwa kurmi, ku zauna da shi tun yana da rai, ku yi ta tambaya ko da zai ce hanya ba a faɗinta. Ni na makara da nawa.

Memuwar dai na sake rubuta shi daga farko, kuma rabin abin da ya narke na tarar yana cikin kaina, kamar yadda dattijon ya faɗa. Tsohon kayen yana nan a ɗakina. Har yanzu warin kifi yake.